Igiyar da ke Riƙe Jirgi

Daren Talata a Grimsby,
ruwan sama na tsiyaya a jikin taga.
Ajinmu yana saman shagon wanki,
rurin injina na hawowa ta ƙafafun kujeru.
Su tara ne, duk daga masana'antar kifi suka taso,
ƙarni bai gama sakin yatsunsu ba.

Na ɗauki alli na ce:
yau za mu koyi wani lokaci da Turanci ya keɓe
don aikin da ya wuce amma bai tafi ba.
'Yar ƙaramar kalma ce ke riƙe da shi, "have",
kamar igiyar da ke ɗaure jirgi a bakin gaɓa.
Na yar da mabuɗina jiya:
wannan labari ne, an ba da shi, an tashi.
Amma in ka ɗaura masa igiyar,
to har yanzu kana tsaye a ƙofar gida,
kana lalube, ruwa na dukan ƙeyarka.

Vytautas ya yi dariya, ya shafa aljihu.
Ya ce a garinsu abin da ya faru ya faru,
ba a yi masa rakiya.
Ilinca ta ɗaga biro: in na faɗi ranar fa?
Na ce, da kin ambaci rana kin binne shi.
Jiya, bara, shekarar da teku ta shigo gari,
duk ƙasa ce ake turawa a kan kabari.
Shi wannan lokaci ba ya shiri da kalanda.
Abokansa su ne "tun", da "har yanzu",
da "ban taɓa ba".

Kowa ya rubuta mini jimla guda.

Vytautas ya fere kifin da ya fi ƙarfin lissafi,
bai taɓa ganin ɗaya yana iyo ba.
Daidai.
Ilinca ta aika kuɗi gida sau arba'in da ɗaya,
rufin ɗakin mahaifiyarta saura kwano shida.
Daidai.

Sai na iso teburin Halina,
babbarsu, mai tabarau ɗaure da zare.
Rubutunta a tsaye kamar shinge:
shekara talatin da ɗaya ke nan ina auren Tadeusz.
Ta ɗaura igiyar, ta ƙulle tam.

Na san Tadeusz.
Mu ne muka yi karo-karon kuɗin furanni a Fabrairu.
Jan biro yana hannuna, doka tana bakina.
Na sunkuya, na rage murya:
Halina, a nan sai an kwance igiyar.
Littafi ya ce in abu ya ƙare...

Ta cire tabarau ta dube ni.
Malam, ba kai ka ce
aikin da ya wuce amma bai tafi ba?
Rigar sanyinsa na bayan ƙofa.
Kofi biyu nake saukewa kowace safiya,
sai na zuba ruwa nake tunawa.
Gefen hagu nake kwana har yau.
Nuna mini inda ya ƙare, in sa aya.

A ƙasa wani inji ya gama juyi, ya yi tsit.
Babu wanda ya ɗaga kai.

Shekara goma sha tara ina koyar da wannan darasi,
na zana shi da kibiya, na zana shi da gada,
ban taɓa jin nauyinsa a hannu ba sai yau.
Na mayar da murfin biro.
Na ce, shafi na sittin, mu ci gaba.

Da aka tashi na bi ta bakin tashar jiragen ruwa.
Suna nan a jere cikin duhu,
kowanne na jan igiyarsa a hankali,
ba ya tafiya, ba ya zama.
A ƙofar gida na tsaya lalube.
Mabuɗin na nan.
Abin da na tuna shi ne ƙanena Gareth:
tun ranar jana'izar mahaifiyarmu ban kira shi ba.
Na juya jimlar a baki, na auna ta da doka.
Babu kuskure a cikinta.
Ruwa na dukan ƙeyata, na ciro waya.